Na Goma Sha Ɗaya

Ni dai takalmi na sani.
Shekara talatin a bakin kwata a Aboabo,
basilla a hannu, zare a baki,
ƙafar mutum nake gaisarwa kafin fuskarsa.

Ranar da kulob ya zauna zaɓen sababbin 'yan wasa
rediyon Bawa mai shayi na rataye a ƙusa,
mu bakwai a benci ɗaya, har da Kwaku direban tirotiro
da ya bar fasinjan Kejetiya suna dahuwa a mota.
Na farko da aka kira wani dogo ne daga Tamale,
wai in ya yi tsalle da shirwa yake musabaha.
Aka yi ihu, shayi ya zube a wandon Bawa.
Na biyu, na uku, na shida,
ban ɗaga kai ba,
ina fama da silifas ɗin wata tsohuwa.

Sai can, da batir ya fara shaƙewa,
kowa na neman canjinsa,
mai shela ya ce: na goma sha ɗaya, Mumuni Sofo.

Basilla ta shige min yatsa.

"Ɗan gidan wa?" in ji Bawa.
Kwaku ya ce, "Gajeren nan? Ai turmin fufu ne aka sa wa riga."
Na tsotse jinin, na ƙyale su.
Su tsayi suka auna. Ni na ga tafin takalmi.

Sau huɗu ya kawo min but ɗin nan,
na gwanjo, ɗaya ya fi ɗaya girma,
jarida yake cusawa a na dama.
Na hagu kuwa kullum ta ciki yake cinyewa,
daidai gindin babban yatsa,
inda ƙwallo take jin magana.
Mai dukanta da haushi, bakin takalmi yake fasawa,
irinsu na ɗinka wa ɗari.
Wannan yaro lallashinta yake yi.

Sau biyu ya biya.
Na uku ya zo da koko da ƙosai daga tukunyar uwarsa.
Na huɗu ya tsaya yana susar ƙeya,
ruwan Yuni na ɗiga daga kwanon rumfata,
na ce, "Tafi. Ka sa min ɗaya a raga, mun rabu."

To, ga maganar da ban faɗa wa benci ba:
ban taɓa ganin wasansa ba.
Ko sau ɗaya.
Filinsu na bayan makaranta, tafiyar minti goma,
amma wa zai tsare min rumfa?
Fata ce ta ba ni labari,
kuma fata ba ta taɓa yi min ƙarya ba,
ban da sau ɗaya, a kan wani ɗan sanda.

Kwaku ya aje sidi ashirin a hannun Bawa
cewa yaron ba zai taɓa ciyawa ba kafin Kirsimeti.
Na aje tawa, kuɗin zaren mako guda.

Na san yanzu za su ba shi sabo fil a kwali,
ƙafa biyu daidai wa daida,
ba jarida, ba ɗinkina.
Ba zai sake bi ta bakin kwata ba,
kuma haka ya kamata.

Ran Lahadi zan ja kwano in sa kwaɗo,
karon farko tun jana'izar babana.
Zan sayi tikiti mafi araha, can inda rana ke gasa mutum.
In sun bar shi a benci, babu laifi.
Dubban mutane za su bi ƙwallo da ido,
ni zan nemi gajeren nan a gefen fili
in ga wace ƙafa yake fara ɗaure wa igiya.